Abin da Ƙwayoyin Lantarki Ke Yi Idan Sun Shiga Cunkoso: Jawabi a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai



Kwamitin shirya taro ya nemi in yi bayani da Hausa a kan binciken da muke yi a sashen Fiziks na jami'a, aka kuma gargaɗe ni kada in rubuta lissafi a kan allo. Na karɓi sharuɗɗan. Fanninmu shi ne nazarin halin lantarki a cikin wasu irin duwatsu da ƙarafa waɗanda ƙwayoyin lantarkin da ke cikinsu ke takura wa juna ƙwarai da gaske, har ba a iya bayanin ɗaya sai an haɗa da sauran. Akwai wata tambaya a wannan fanni da aka yi kusan shekara 40 ana fama da ita, har yau masana ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba. Wajenta nake so in kai ku, amma tilas mu bi ta aji uku tukuna.

A aji uku malamanmu sun koya mana cewa abubuwa iri biyu ne. Akwai masu ɗaukar wutar lantarki, kamar jan ƙarfe da azurfa da alminiyam, akwai kuma masu hana ta wucewa, kamar roba da gilashi da tangaran. Abin da ke gudu a cikin waya wata 'yar ƙwaya ce da ake kira ilektiron, wadda J. J. Thomson ya gano a Kambirij cikin 1897. Duk wayar da wuta ke bi tana yi mata turjiya, turjiyar nan kuwa ita ke zama zafi. Shi ya sa dutsen guga ke yin zafi, shi ya sa kuma wani kaso na wutar da aka tura daga Kainji ko Shiroro ke salwanta a kan hanya kafin ta iso gidajenmu.

To, me ya sa jan ƙarfe ke ɗaukar wuta, gilashi kuwa ba ya ɗauka, alhali dukansu cike suke da ilektiron? An sami amsa tsakanin 1928 da 1931, daga aikin Felix Bloch da Alan Wilson, da taimakon sabon ilmin nan na kwantam, watau ilmin da ke bayanin halin abubuwa 'yan mitsi-mitsi. Amsar ita ce, a cikin kowane dutse ko ƙarfe akwai mazaunai da aka tanada wa ilektiron, kuma mazauni ɗaya ba ya ɗaukar fiye da biyu. Idan mazaunan sun cika maƙil, ba wanda zai iya motsi, wuta ba ta wucewa. Idan da saura, sai su yi ta gudu. Sai dai akwai wani zato mai ban mamaki a ƙarƙashin wannan bayani. Mun san ilektiron biyu korar juna suke yi, don cajinsu iri ɗaya ne. Amma masu lissafin suka ce a yi kamar kowane ilektiron bai san da zaman ɗan'uwansa ba. Kuma zaton ya yi aiki! Da shi aka fahimci silikon, aka ƙera taransista cikin 1947. Rediyo da kwamfuta da wayar da ke aljihun kowannenmu a kan wannan zato aka gina su. Lev Landau na Rasha ya bayyana dalilin da ya sa zaton ke aiki wajen 1956, mutane da yawa suka ɗauka an gama magana.

Amma tun cikin 1937 wasu masana biyu na kamfanin Philips a ƙasar Holan, de Boer da Verwey, sun nuna wani abu da ya ƙi bin doka. Wani koren gari ne da ake samu idan ƙarfen nikel ya haɗu da iskar oksijin, mu kira shi tsatsar nikel. In an ƙidaya mazaunansa, ba su cika ba, don haka kamata ya yi ya ɗauki wuta kamar ƙarfe. Aka gwada, ya ƙi ɗauka sam. Nevill Mott na Ingila shi ya riƙe wannan magana, ya fito da bayaninta cikin 1949, har yau kuma ana kiran irin waɗannan abubuwa da sunansa.

Bayanin Mott ba zai yi wa wanda ya yi makarantar kwana wuyar ganewa ba. Ku tuna ɗakin kwananmu, gadaje a jere. Mu ce kowace ƙwayar zarra a cikin dutsen gado ce, kowane ilektiron kuwa ɗalibi. Doka ta yarda mutum biyu su kwanta a gado ɗaya, da sharaɗin su kwanta kai da ƙafa, ɗaya kansa gabas, ɗaya kansa yamma. Wannan doka ta Wolfgang Pauli ce, ta 1925, kan da ƙafar kuwa wani hali ne na ilektiron, domin kowannensu ɗan ƙaramin maganaɗisu ne mai fuskantar sama ko ƙasa. Yanzu a ce gado 100 ne, ɗalibai ma 100, kowa da nasa. Tsohon lissafi zai ce ɗakin na ɗaukar mutum 200, ke nan rabinsa wofi ne, kowa na iya yawo yadda ya ga dama. Amma wanda ya taɓa kwana da wani a gado ɗaya cikin zafin bazara ya san ba haka abin yake ba. Duk inda ka juya akwai mutum a kan gadon, shiga wajensa kuwa takura ce gare ka da shi. Idan takurar ta fi sha'awar yawo ƙarfi, sai kowa ya lafe a gadonsa. Ɗaki rabinsa wofi, amma ba mai motsi. Abin da ke faruwa ke nan, a taƙaice, cikin tsatsar nikel da danginta.

Akwai ƙari. Ko da yake kowa ya lafe, dokar kwantam ta bar ɗalibi ya ɗan leƙa gadon maƙwabcinsa na ƙiftawar ido ya komo, wannan leƙe kuwa yana rage masa ƙunci. Amma ba zai yiwu ba sai in maƙwabcin ya kwanta saɓanin yadda shi ya kwanta. Saboda haka, ba tare da wani firifet ya ba da umurni ba, sai ɗakin duka ya shirya kansa: wannan kai gabas, na kusa da shi kai yamma, na gaba kai gabas, har ƙarshen ɗaki. Watau dutsen ya zama wani irin maganaɗisu na ɓoye, wanda ba ya jan allura domin rabin 'yan maganaɗisun sun soke rabi. Philip Anderson na Amurka ne ya yi wannan bayani a shekarun 1950. Shi da Mott da Van Vleck suka raba kyautar Nobel ta 1977.

Cikin 1963 John Hubbard, wani masani a Ingila, ya rubuta wannan labari na gadaje cikin lissafi mai layi ɗaya. Abu biyu ne kawai a ciki, sha'awar tsallakawa zuwa gadon kusa, da kuma takurar kwana biyu-biyu. Ɗalibin shekarar ƙarshe a jami'a na iya haddace shi cikin minti biyar. Idan gadajen a layi ɗaya tak suke, an warware shi tun 1968. Idan kuwa sahu-sahu suke a kan daɓe, kamar gidajen dara, to, shekara fiye da 60 ke nan ba wanda ya warware shi gaba ɗaya.

Za ku ce a ba kwamfuta mana. Bari mu ƙidaya tare. Kowane gado yana da hali huɗu: ko babu kowa, ko mutum ɗaya kai gabas, ko mutum ɗaya kai yamma, ko mutum biyu. Gado biyu hali 16 ke nan. Gado 10, hali sama da miliyan ɗaya. Gado 20, sama da miliyan sau miliyan. Kafin a kai gado 150, yawan halayen ya zarce adadin ƙwayoyin zarra da ke cikin duk taurarin da ake iya hangowa. Ilmin kwantam kuwa ya ce sai an riƙe su duka a lokaci guda, don ɗakin yana cikin dukkansu ne tare. Ɗan dutse kamar ƙwayar gishiri kuma yana da gado wajen biliyan sau biliyan. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, a nan kam kwamfuta ce sarkin ƙarfin.

Da a nan maganar ta tsaya, da ta zama abin nishaɗin masu lissafi kawai. Abin da ya sa gwamnatoci da jami'o'i ke zuba kuɗi a kanta wani labari ne daban, wanda ya zo ya haɗu da wannan cikin 1986.

Sai in fara da ma'aunin sanyi. Mu a fanninmu da ma'aunin Kelbin muke aiki. Yana farawa ne daga ƙarshen sanyi, inda babu wani sanyi a bayansa, watau digiri 273 ƙasa da inda ruwa ke zama ƙanƙara. Zauren nan da muke ciki wajen Kelbin 300 yake. Cikin 1908 Kamerlingh Onnes na Jami'ar Laidin a Holan ya sanyaya iskar hiliyam har ta zama ruwa, a wajen Kelbin 4. Cikin 1911 ya tsoma zaiba a ciki yana auna turjiyarta. Da ta kai Kelbin 4.2 sai turjiyar ta ɓace ɗungum. Ba raguwa ta yi ba, babu ta ne sam. In aka yi zobe da irin wannan abu aka sa wuta ta fara zagaya shi, sai ta yi ta zagayawa shekara da shekaru ba batir, muddin sanyin na nan. Ba da daɗewa ba aka ga kuza ma tana yin haka a Kelbin 3.7, dalma a 7.2. Jan ƙarfe da azurfa da zinariya kuwa, waɗanda suka fi kowa ɗaukar wuta, ba su yi.

Shekara 46 aka yi kafin a san dalili. Cikin 1957 Bardeen da Cooper da Schrieffer na Jami'ar Ilinoi suka nuna cewa ilektiron ɗin haɗuwa suke yi biyu-biyu, sa'an nan ma'auratan duka su ɗauki taki ɗaya kamar 'yan fareti, yadda ba abin da zai iya tare ɗaya ba tare da ya tare dukansu ba. Me ke haɗa abokan gaba aure? Ku tuna tsohuwar katifa da ta lotsa: mutum biyu ko ba su shiri, in sun hau ta sai su gangaro tsakiya. Ilektiron in ya wuce yakan ɗan janyo ƙwayoyin zarra na kusa, wurin ya lotsa, na biyu ya gangaro. Wannan manni ba shi da ƙarfi, ɗan zafi kaɗan ke raba shi. Cikin 1973 an kai Kelbin 23, aka tsaya cik shekara 13. Masana da dama suka ɗauka iyakar abin ba za ta wuce 30 ko 40 ba. Kuma kowa ya yarda cewa maganaɗisu abokin gabar wannan hali ne.

Sai ga Georg Bednorz da Alex Müller na ɗakin binciken IBM kusa da Zurik a Suwizalan. Suka bar ƙarafa suka koma kan tangaran, abin da ake yi wa kallon mai hana wuta. Cikin 1986 suka sami wani baƙin tangaran na lantanam da bariyam da jan ƙarfe da oksijin da ya rasa turjiya a wajen Kelbin 35. Farkon 1987 Maw-Kuen Wu na Alabama da Paul Chu na Hustan suka sa itiriyam a madadin lantanam, suka kai 93. Wannan lamba tana da muhimmanci, domin ruwan iskar naitirojin yana kan Kelbin 77, daga iskar da muke shaƙa ake tatsarsa, ya kuma fi hiliyam araha nesa ba kusa ba. A taron masana Fiziks na Amurka da aka yi a Niyok cikin watan Maris na 1987, dubban mutane suka cika zaure har wajen ƙarfe uku na dare suna sauraron rahotanni. A shekarar aka ba Bednorz da Müller kyautar Nobel, abin da akan jira shekara 20 ko 30 kafin a samu. Cikin 1993, a Zurik kuma, wani tangaran mai zaiba ya kai Kelbin 133 ba tare da matsi ba. Kada lambar ta ruɗe ku, 133 ɗin digiri 140 ne ƙasa da ƙanƙara. Sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a tashar binciken yanayi, a Antaktika cikin 1983, digiri 89 ne ƙasa da ƙanƙara. Watau ko can ya yi wa tangaran ɗin zafi.

Ga inda labaran biyu suka haɗu. Uwar waɗannan tangaran, kafin a sirka ta da komai, ɗakin kwanan nan namu ce sak. Ƙwayoyin jan ƙarfe da oksijin sun yi shimfiɗa sahu-sahu, kowane gado mutum ɗaya, kowa ya lafe, an kwanta gabas da yamma bi da bi. Ba ta ɗaukar wuta, kuma maganaɗisu ce ta ɓoye, watau wuri na ƙarshe da mai hankali zai je neman rashin turjiya. Sirkin da ake yi mata da bariyam ko sitirontiyam yana ɗebe ilektiron ne, kamar a ba wasu ɗalibai izinin tafiya gida. Gado 2 ko 3 cikin 100 in suka zama wofi, tsarin gabas da yamma ya wargaje. Daga wajen gado 5 rashin turjiya ya fara. A wajen 15 ko 16 ya kai ƙololuwa. In wofin ya ɗan wuce kashi ɗaya cikin huɗu, sai ya sake ɓacewa, abin ya koma ƙarfe na yau da kullum.

To, tambayar ita ce: mene ne mannin? Me ke haɗa ilektiron aure a wurin da ƙiyayyarsu ta fi ƙarfi? Lotsawar katifa ba ta isa ta yi bayaninsa ba. Tun 1987 Anderson ya ce amsar tana cikin lissafin Hubbard, watau leƙen nan na gadon maƙwabci, wanda ya tsara gabas da yamma, shi ne ke ɗaura auren. Gwaje-gwajen da aka yi a Ilinoi cikin 1993 da IBM cikin 1994 sun nuna cewa ma'auratan nan ba su kusantar juna, zagaya juna suke yi daga nesa cikin wata siffa mai kunne huɗu, abin da ya dace da mutanen da ba su son haɗa gado. Ni dai ra'ayina yana tare da masu cewa maganaɗisu ne mannin, kuma mu ne masu rinjaye. Amma rinjaye ba hujja ba ne a Fiziks. Hujja ita ce a ba ka sunayen sinadarai a takarda, ka yi lissafi ka faɗi Kelbin nawa abin zai rasa turjiya, a je a toya a same shi haka. A dangin tangaran ɗin nan ba wanda ya iya wannan tukuna. Waɗanda muke da su, da gwaji da ƙwarewar hannu aka samo su.

Abin da ya fi damuna ma ba rashin turjiyar ba ne, halin da tangaran ɗin ke ciki ne kafin ya kai can. A jan ƙarfe, in ana sanyaya shi turjiya takan yi ta raguwa, sa'an nan ta lanƙwasa ta kwanta, kuma mun san dalilin kowane lanƙwasa. A waɗannan kuwa, in aka zana turjiya da zafi a takarda, sai a ga miƙaƙƙen layi kamar an ja da rula, daga matsanancin sanyi har zuwa ɗaruruwan digiri sama da tafasar ruwa. Bayanin Landau bai yarda da haka ba. Da alama a nan ba a iya ma nuna ilektiron guda a ce ga shi yana tafiya, sai dai a ce jama'a na kwarara. Masana na kiransa baƙon ƙarfe, an kuma same shi a wasu dangogin da ba su haɗa komai da jan ƙarfe ba. Daga cikinsu akwai waɗanda ilektiron ke tafiya cikinsu kamar nauyinsa ya ninku sau ɗaruruwa, irin wanda Frank Steglich na Jamus ya ga ya rasa turjiya cikin 1979.

Wani zai tambaya, to, da safe in kun je ofis me kuke yi? Aikin kashi uku ne, ba kuma mai iya yinsa shi kaɗai. Akwai matoya, masu auna garin sinadarai su sa a tanda mai zafin digiri 1,000 ko fiye, kwana da kwanaki, wani lokaci makonni, don su sami ɗan dutse mai tsabta da bai fi ƙwayar gero ba. Akwai masu awo, waɗanda ke manna wa ɗan dutsen nan wayoyin zinariya huɗu da suka fi gashi siranta a ƙarƙashin madubin ƙara girma, su sanyaya shi, su sa shi cikin maganaɗisu. Wasu kuma haske mai ƙarfi suke haska masa ya fizgo ilektiron waje, su auna gudunsa da inda ya nufa, daga nan su gane yadda yake tafiya a ciki. Einstein ne ya bayyana tushen wannan dabara cikin 1905. Hasken da ya fi dacewa da ita daga wata babbar na'ura mai zobe yake fitowa, wadda ake kira sinkurotiron. Akwai su a Turai da Asiya da Amurka da Ostireliya, an buɗe ɗaya a Jodan cikin 2017, amma duk faɗin Afirka babu ko ɗaya. Mai son irin wannan awo sai ya rubuta takardar neman lokaci, in an ba shi kwana uku ko huɗu ya tafi da duwatsunsa, ba barci sai ya gama.

Kashi na uku shi ne namu, masu lissafi da kwamfuta. Tun da ba a iya riƙe halayen duka, sai dabara: ko a ɗauki gado ɗaya a lura da shi sosai a mai da sauran ɗakin tamkar matsakaicin maƙwabci, ko a ɗauki ɗan siririn ɗaki a bi shi daki-daki. Wannan kashi shi ne wanda ɗan Afirka zai iya shiga ba tare da tanda ko hiliyam ba, in ya sami kwamfuta da intanet da wutar da ba ta yankewa a tsakiyar lissafin kwana biyar. Cibiyar da Abdus Salam ya kafa a Tiriyeste ta Italiya cikin 1964 ta horar da 'yan Afirka masu yawa, tun 2010 kuma ana yin wata makaranta ta musamman kan lissafin ilektiron da ke zagaya ƙasashen Afirka, an yi ta a Akara cikin 2016.

Kuma ana samun ci gaba. Cikin 2020 wata ƙungiyar masu lissafi daga Amurka da Turai ta gwada lissafin Hubbard tsurarsa, da gado ɗaya cikin takwas wofi, ta ga bai ba da rashin turjiya ba. Gadajen wofin jeruwa suka yi layi-layi, irin abin da aka riga aka gani a wani tangaran na gaske tun 1995. Cikin 2024 aka sake lissafin da ɗan ƙari guda, aka yarda ɗalibi ya tsallaka zuwa gadon da ke kusurwa da shi, ba na gefe ko na gaba kaɗai ba. Sai rashin turjiya ya bayyana. Ku dubi ƙanƙantar abin da ya juya sakamakon. Wasu kuma sun gaji da kwamfuta, sun gina ɗakin kwanan da kansu. A Jami'ar Habad, cikin 2017, an yi gadaje da hasken leza, aka zuba ƙwayoyin zarra na litiyam masu tsananin sanyi a madadin ilektiron, aka ɗauki hotonsu ɗaya-ɗaya sun kwanta gabas da yamma kamar yadda Anderson ya faɗa.

An kuma sami sababbin dangi. Cikin 2008 Hideo Hosono na Tokiyo ya sami rashin turjiya a Kelbin 26 cikin wani haɗi mai baƙin ƙarfe, uban maganaɗisu da kansa. Cikin 2018 ƙungiyar Pablo Jarillo-Herrero ta jami'ar MIT ta ɗauki shimfiɗa biyu na baƙin da ke cikin fensir, kowace kaurin ƙwayar zarra ɗaya, ta ɗora ɗaya kan ɗaya ta ɗan murɗa da digiri 1.1. A wannan murɗi ilektiron suka rage gudu har takurar juna ta rinjaye su, suka lafe, da aka ɗan rage yawansu kuma suka rasa turjiya a Kelbin 1.7. Sanyin ya yi yawa ga amfanin yau da kullum, amma a nan da maɓallin wuta ake ƙara ɗalibai ko a rage su, ba sai an koma tanda ba. Nikel ma, wanda ya tayar da rigimar cikin 1937, ya dawo. Cikin 2019 a Jami'ar Sitanfod aka sami haɗin nikel da oksijin da ya rasa turjiya ƙasa da Kelbin 15, cikin 2023 kuma a Jami'ar Sun Yat-sen ta ƙasar Sin wani ɗan'uwansa ya kai wajen 80, amma sai an matse shi da nauyin da ya ninka na iskar duniya sau 140,000.

Na ga alhajin da ke gaba yana so ya ce, mu ina ribarmu? Wadda ta riga ta shigo hannu daga tsohon dangi ta fito, na Onnes. Na'urar hoton jiki ta MRI da ke manyan asibitocinmu, maganaɗisunta waya ce ta niyobiyam da taitaniyam da ke kwance cikin ruwan hiliyam. Ɗaya daga cikin duwatsun da ake samun niyobiyam kuwa shi ne kwalambait, wanda ake haƙowa tare da kuza a Filato. A shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi, yanzu Barazil ce ke ba da mafi yawa. Sabon dangin tangaran ya yi jinkirin shiga kasuwa saboda yana da gautsi, ba a jan sa a yi waya kamar jan ƙarfe, sai an shafa shi siriri a kan ƙyallen ƙarfe. Duk da haka, cikin 2014 an shimfiɗa wayarsa mai tsawon kilomita ɗaya a tsakiyar birnin Esen na Jamus, cikin 2021 kuma aka yi maganaɗisu da shi a MIT mai ƙarfin tesla 20, alhali na'urar MRI ta asibiti 1.5 ko 3 take da shi. Batirin wayar hannu ma daga wannan gida ya fito. John Goodenough ya yi shekaru yana nazarin maganaɗisun irin waɗannan tsatsa kafin ya fito da haɗin litiyam da kobalt da oksijin a Okasfod cikin 1980.

Amma wayar da za ta kawo wuta daga Kainji zuwa Maiduguri ba asara kuma ba sanyaya, wannan babu ta, ba kuma zan yi muku alkawarin shekara ba. An kai Kelbin 203 cikin 2015 a birnin Mainz na Jamus, da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, amma a ƙarƙashin matsin da ya ninka na iskar duniya sau miliyan ɗaya da rabi, tsakanin bakin lu'ulu'u biyu. Wasunku sun aiko mini da saƙo cikin watan Yuli na 2023, lokacin da labari ya bazu cewa an sami wani dutse a Koriya ta Kudu, LK-99, mai rasa turjiya a zafin ɗaki. Cikin 'yan makonni ɗakunan bincike a Sin da Jamus da Amurka da Indiya suka toya nasu. Aka gano faɗuwar turjiyar da aka gani daga wani gurɓataccen sinadari na jan ƙarfe da farar wuta ta fito, tsabtataccen dutsen kuwa ba ya ma ɗaukar wuta. In irin wannan labari ya sake zuwa muku, abu biyu za ku tambaya: shin turjiyar ta kai babu, kuma dutsen ya kori maganaɗisu daga cikinsa, kamar yadda Meissner ya nuna cikin 1933 cewa na gaskiya ke yi? Sa'an nan, wani ɗakin bincike daban ya maimaita?

Abin da ni da ɗalibaina muke lissafawa a halin yanzu dangin nikel ne. A jan ƙarfe gado iri ɗaya ne ke da muhimmanci a kowace ƙwayar zarra, a nikel kuwa da alama iri biyu ne, kamar gado mai hawa sama da ƙasa, wannan ya sa halayen da za a ƙidaya suka tashi daga 4 zuwa 16 a kowane wuri. In lissafi ya nuna leƙen maƙwabci ne ke ɗaura aure a nan ma, ra'ayin Anderson ya sami shaida ta biyu daga wani gida. In ya nuna wani abu daban, to, akwai manni fiye da ɗaya, sai matoya su san wane sinadari za su sa a tanda gaba.

Shugaban taro, na ga kana duban agogo. Mai tambaya, ina nan.